Wasiƙa Daga Bauci: Mutum Nawa Ne A Baga?

Jama'a, wanda duk ya shiga kasuwar Muda Lawal a nan Bauci ya nufi wajen masu banda, in ya tambayi inda mai kyau take fitowa, ba wuya ya ji an ce Baga. Amma da yawa cikin masu shan miyar ba su san inda garin yake ba.

Baga tana cikin Ƙaramar Hukumar Kukawa ta Jihar Barno, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Maiduguri, ta hanyar Monguno. Mu mutanen tudu ba mu da teku. Tafkin Cadi shi ne tekunmu, Baga kuwa ita ce babbar mashigarsa. Akwai Barebari da Buduma da Shuwa, ga kuma Hausawa masunta da fatake waɗanda neman abinci ya kai su, har suka hayayyafa a can. A kamo kifi, a banda shi a Doron Baga, a ɗura a kwali, manyan motoci su kwasa zuwa Maiduguri, daga nan sai sauran ƙasa.

To, garin da ya dogara ga ruwa, motsin ruwan shi ne motsinsa. A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi nesa da gari. Masunta suka bi shi cikin tsibirai, waɗansu kuwa suka ajiye koma suka ɗauki fartanya, suna shuka masara da wake a inda ruwa ya bari. Saboda haka tun can yawan mutanen Baga na lokacin kamun kifi dabam, na damina dabam.

Sai kuma yaƙi. Ran 3 ga Janairu, 2015, 'yan Boko Haram suka auka wa garin. Rundunar soja ta ce mutum 150 suka mutu, waɗansu rahotanni kuwa suka ce sun kusa 2,000. Ku dubi wannan rata! Ko mamatan ma ba a daidaita kan adadinsu ba, balle waɗanda suka tsallaka Cadi da Nijar. A ƙarshen 2018 aka sake watsa garin, sai a Satumba 2020 Gwamna Babagana Zulum ya fara mai da mutane gidajensu.

Abin da ke damuna shi ne, rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuwa an ɗage ta. Da wane lissafi za a tsara wa Baga yawan azuzuwa da gadajen asibiti da rijiyoyin burtsatse? Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yau ya isa aure, wataƙila ma shi ya kamo bandar da ke cikin tukunyarku. Ya kamata Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ran da ta tashi aiki, ta tanadi kwale-kwale, kada malamanta su tsaya iyakar inda kwalta ta ƙare.