Makin Tukuici Ba Ya Komowa

Mai sayayya ta intanet ta san makin tukuici da kamfanoni ke tara mata. Ana iya juya shi zuwa kwanan otal, ko mil, wato makin sayen tikitin jirgi.

Amma ki dubi mudun. A tsarin otal na Marriott Bonvoy, maki 3 ke zama mil 1 a yawancin kamfanonin jirage, kuma mai juya 60,000 akan yi mata gyara da mil 5,000. Abin da aka juya kuwa ba ya komowa. Sai kin tabbata akwai kujera ranar tafiyarki, sannan ki juya. Kada ganin hadari ya sa ki zubar da ruwan tulu.

Sai mako mai zuwa.