SHARHI: A Sabunta Tsofaffin Injunan Sassaƙa Ƙarfe Kafin Su Koma Hannun 'Yan Jari Bola

Duk wanda ya zaga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai a Kano, ko Kakuri a Kaduna, zai tarar da injunan sassaƙa ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira milin, a ajiye ƙura ta lulluɓe su tun bayan durƙushewar masaƙu da sauran masana'antu. A kullum 'yan jari bola suna taya su da kilo. A ganinmu, sayar da su a haka asara ce ga mai su da ƙasa baki ɗaya, domin da yawansu ana iya ɗora su a kan sarrafawar kwamfuta, wato tsarin CNC, su ci gaba da aiki shekaru masu yawa.

Wannan dabara tana da tarihi. Injin farko mai aiki da umarnin lissafi, wanda Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka ta nuna a shekarar 1952 da kuɗin rundunar sojan saman ƙasar, injin kamfanin Cincinnati ne da aka yi wa kwaskwarima, yana karanta umarni daga hudajjen zaren takarda. Ashe da gyaran abin da ke hannu aka soma.

Aikin kuwa a fili yake. Teburin injin yana tafiya dama da hagu, gaba da baya, sannan akwai hawa da sauka, kuma da hannu ma'aikaci ke murza kowane ɗaya. A wajen sabuntawa, ana cire hannuwan murzawa a kafa ƙananan motocin lantarki a gurbinsu, kwamfuta tana gaya wa kowace iyakar juyin da za ta yi. Ana kuma sauya tsofaffin sukurori masu tura teburin da sukurori masu ƙwallaye, domin tsohon sukuru yana da lako-lako idan aka juya da baya. Gwanin ma'aikaci yana cike wannan giɓi da basirarsa, amma a hannun kwamfuta giɓin kashi ɗaya cikin goma na milimita ya isa ya ɓata da'ira. Manhaja ba ita ce matsala ba: LinuxCNC, wadda ta samo asali daga aikin hukumar ma'auni ta Amurka, kyauta ake samun ta.

Hujjar kasuwanci ita ce mafi ƙarfi. Abu mafi nauyi a jikin injin shi ne gangar ƙarfen zubi, wadda ke hana shi karkarwa yayin yanka, kuma wannan tana nan a ƙasa, an biya kuɗinta tun tuni. Motoci da sukurori da akwatin sarrafawa kaɗai za a shigo da su. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, duk dalar da mai masana'anta ya tsimi riba ce. Bugu da ƙari, injin da aka sabunta zai fitar da kayan gyara guda ɗari, na ƙarshe daidai da na farko, abin da masu injunan casar shinkafa da na matsar mai ke nema, maimakon jiran makonni kafin kaya su iso daga Sin.

Amma dole a faɗi gaskiya. Idan hanyoyin da teburin ke zamewa a kansu sun cinye, kwamfuta ba za ta gyara su ba. Sai a auna injin tukuna kafin a kashe ko kwabo. Haka kuma injin da aka sabunta ba zai kamo sabo a wajen sauri ba, ba ya kuma sauya wuƙar yanka da kansa. Sai kuma wutar lantarki: ɗaukewarta a tsakiyar aiki tana lalata ƙarfen da ake yanka, hawa da saukarta kuma tana ƙona akwatin sarrafawa. Wanda bai tanadi na'urar daidaita wuta ba, ya ajiye maganar.

Masu tsoron cewa tsofaffin ma'aikata za su rasa abinci su sani cewa kwamfuta ba ta san yadda ake ɗaure ƙarfe ko zaɓar wuƙa ba. Abin da ake bukata shi ne a haɗa tsohon gwani da matashin da ya iya rubuta umarnin G-code.

Saboda haka muna kira ga hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992 domin bunƙasa aikin injiniya, da ta haɗa kai da kwalejojin fasaha da asusun horar da ma'aikata na ITF wajen koyar da wannan aiki. Bankin Masana'antu ya amince da sabunta inji a matsayin abin da ya cancanci rance. Masu tsofaffin injuna kuwa, su kira injiniya ya duba kafin su kira mai sikeli.