Kusurwar Kimiyya: Magen gida, magen layi da cutar Toksoplasma

Ƙannenmu ɗalibai, yau batun mage muka kawo muku. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Toksoplasma, wadda masana suka gano a Tunis a 1908. A hanjin dangin mage kaɗai take yin ƙwai, su fito cikin bayan gidanta.

Wani nazari na 2020 da ya haɗa ƙasashe da dama ya nuna kusan 35 cikin 100 na magunan gida sun taɓa kamuwa. Magen layi ta fi shiga haɗari, domin ɓera, tsuntsu da ɗanyen naman bola ne abincinta. To amma mu tambayi kanmu, magen gidanmu da ke kwana a rumbu tana farautar ɓera, ina bambancinta da ta layi?

Yawancin masu lafiya ba sa jin komai idan sun kamu. Matsalar tana ga mai juna biyu, don cutar kan taɓa ido ko ƙwaƙwalwar jaririn, sai kuma mai raunin garkuwar jiki. Ƙwan na buƙatar kwana 1 zuwa 5 kafin ya iya cutarwa, saboda haka ku riƙa kwashe kazantar kullum, ku wanke hannu da sabulu, kada ku bar wa Umma ko Anti mai ciki aikin. Tsiren da bai gasu sosai ba ma hanya ce.