Kada siyasa ta hana auna numfashin dajin Saberiya

A Zotino da ke tsakiyar Saberiya akwai hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 304, wadda masanan Jamus da Rasha suka kafa a 2006 don auna iskar kabon da ta metan a saman dajin. A fadamar Stordalen ta arewacin Suwidin ma na'urori na bibiyar ko ƙasa na zuƙar kabon ne ko tana amayar da shi.

Wahalar ta cancanta. Daskararriyar ƙasar arewacin duniya tana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 1,500, wajen ninki biyu na wanda ke sararin samaniya. Da zarar ta narke, ganyaye da saiwoyin da suka daɗe a binne sai su ruɓe, su sake shi. A 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta bayyana cewa filayen tundura, wato filayen sanyi marasa bishiyoyi na arewacin duniya, sun koma fitar da kabon fiye da abin da suke zuƙa.

Abin takaici, tun 2022 yaƙin Yukren ya tsinke haɗin gwiwar masanan Yamma da na Rasha, alhali kaso mafi girma na wannan daskararriyar ƙasa a Rasha yake. Wajibi ne gwamnatoci su bar masana su ci gaba da musayar waɗannan alƙaluma, ko ana yaƙi ko ba a yi.