Wake Ɗaya Shi Ke Ɓata Gari

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tun da yake da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suna da burin ƙetare teku neman ƙarin ilmi, to, nan ne ya dace a faɗe ta. Maganar kuwa ita ce ta wasu 'yan'uwanmu mazauna gidajen haya a Ingila, waɗanda in wa'adin hayarsu ya cika sai su fito da tsohuwar katifa, da karyayyar kujera, da firjin da ya mutu, su jibge a bakin titi, su ja akwatinsu su yi gaba. In maƙwabci ya ɗaga murya, amsarsu guda ce, wai don ya ga baƙar fata ne. Ni dai na ce wannan amsa ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cutar da mu baki ɗaya.

Bari mu fara da asalin abin, don kada a ce an yi musu hukunci ba a saurare su ba. A gida in ka ajiye tsohon gado a ƙofa da hantsi, kafin azahar 'yan gwangwan sun auna ƙarfen har sun ba ka 'yan kuɗi, katifar kuwa ba za ta rasa mabukaci ba. Saboda haka wanda ya tashi a Kano ko Zariya yana ganin ajiye kaya a waje tamkar sadaka ne. A Ingila abin ba haka yake ba. Katifa ta kwana biyu cikin ruwan sama ta jiƙe sharkaf, babu mai ko kallonta, motar shara kuwa abin da ke cikin mazubin shara kaɗai take ɗauka. Manyan kaya sai an kira ƙaramar hukuma an sa rana, a wurare da yawa ma sai an biya, ko kuwa mutum ya kai su da kansa wurin da aka keɓe. In ba a yi haka ba, tarkacen nan zai yi mako da makonni yana tare hanyar tsohuwa mai dogara sanda da uwa mai tura keken jariri, ɓeraye kuma su sami gidan kwana. Ashe mai irin wannan ƙofa ba shi da ikon yin fushi?

Kuma a sani, abin ya wuce rashin kyautawa, laifi ne a gaban shari'a. Dokar kare muhalli ta 1990 ta haramta zubar da tarkace a inda ba a yarda ba. A 2023 aka ɗaga tarar da ƙaramar hukuma ke iya yankewa nan take daga fam 400 zuwa fam 1,000, in kuwa magana ta kai babbar kotu ana iya ɗaure mutum har shekara 5. Wanda ya bar kayan cikin ɗaki ma bai tsira ba. Wata doka ta 1977 ta wajabta wa mai gida ya nemi mai kayan ya ba shi sanarwa kafin ya sayar da su, kuma kuɗin kwashewa daga kuɗin ajiyarka zai fito, wanda kan kai hayar mako 5. Kun ga ke nan, garin gudun biyan 'yan fam kaɗan mutum ya yi asarar abin da mahaifinsa ya sayar da gona ya aika masa.

Za a ce mini ai Turawan ma suna yi. Gaskiya ne. A shekarar 2023 zuwa 2024 ƙananan hukumomin Ingila sun ƙidaya irin wannan zubar da tarkace sau fiye da miliyan 1, kuma a birnin Lidis, inda hayar ɗalibai da yawa ke ƙarewa ranar 30 ga Yuni, mazauna unguwannin ɗalibai sun daɗe suna kuka da 'ya'yan Turawa 'yan'uwansu. To amma wannan hujja kan mai kawo ta take komawa. In maƙwabci yana yi wa ɗan Bature faɗa a kan katifa, ya kuma yi maka faɗa a kan katifa, ina launin fata ya shigo? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba na musun cewa akwai wariyar launin fata a can. Duniya ta ga abin da ya faru a watan Agusta na 2024, lokacin da 'yan tarzoma suka far wa otal-otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka. Don haka ne ma bai kamata a mai da wannan kuka abin wasa ba. Wanda ya ɗauki sunan wariya ya lulluɓe ƙazantarsa da shi, ya sa gobe in an zalunci ɗan'uwansa da gaske babu mai gaskata shi. Ɗan gari in ya yi laifi sunansa ake kira, baƙo kuwa sunan ƙasarsa ake kira. Kai ka hau jirgi ka dawo gida, amma ƙaninka da zai zo baɗi neman ɗaki a layin nan shi zai sha kallon banza.

A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi Da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma ta juya kan ƙazanta, har sai da aka tilasta wa magidanta share ƙofar gidajensu. Abin kunya ne a ce bayan wannan tsawon zamani mai neman digiri na biyu yana jiran bulalar soja ko tarar Bature kafin ya san haƙƙin maƙwabci, haƙƙin da addini ya ɗora mana bai ware Musulmi ko Kirista, baƙi ko fari ba.

Maganin ba wuya gare shi ba. Mako biyu kafin ka tashi, ka raba abin da ke da amfani ga sababbin zuwa, ko ka kai wa kantunan agaji irin na British Heart Foundation, wadda kan karɓi kayan ɗalibai a ƙarshen shekarar karatu. Saura ka kira hukuma ta kwashe, sa'an nan ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka ka yi masa ban kwana yadda aka koya maka a gida. Ƙungiyoyin ɗalibanmu na can su ma su rage liyafa su karanta wa sababbin zuwa wannan darasi tun ranar da suka sauka. Ku kuma ƙananan ma'aikata da ake turawa kwas da kuɗin talakawa, ku tuna mutuncin ƙasa aka ba ku amana tare da guzurin.

In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi igiya ka ɗaura. Allah Ya sa mu gane, amin.