A Bai Wa Ɗalibi Ɗakin da Zai Iya Ɓatawa

Duk mai kula da ɗakin kwamfutoci na makaranta yana tsakanin tsoro biyu. In ya sakar wa ɗalibai mara, kafin mako ya ƙare wani ya goge abin da ba a gogewa, na'ura ta ƙi tashi. In kuma ya kulle komai, sai a yaye ɗalibin da bai taɓa girka manhaja da hannunsa ba. Yawanci kullewar ake zaɓa, domin kwamfuta ta yi tsada, mai gyara kuma ba kyauta yake zuwa ba. A ganina akwai hanya ta uku, kuma ya kamata masu koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, da ƙananan cibiyoyin horo na Kawo da Unguwar Rimi, su dube ta.

A tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991, kowane mai amfani yana da wata manhaja da ke tarbarsa da zarar ya shigar da sunansa da kalmar sirri, ita ce kuma ke karɓar umarnin da yake rubutawa. Wadda aka fi sani ita ce Bash. Mu kira ta zaure, tunda ta nan ake shiga gida. A al'ada, wanda ya wuce zauren nan ya shiga gidan gaske, ba abin da ke tsare shi sai iyakar izinin da aka ba shi.

Kwantena kuwa, a harshen masu kwamfuta, keɓaɓɓen wuri ne da ake yankewa a cikin na'ura, mai nasa fayiloli da manhajoji, wanda na ciki ke gani kamar shi ne kwamfutar baki ɗaya. Dabarar ta daɗe: tun 1979 tsarin Unix ya zo da umarnin chroot, sannan Docker ya yaɗa ta a duniya daga 2013. A 2023 manhajar Podman, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinta, ta zo da podmansh. Idan mai kula da na'ura ya sanya shi a matsayin zauren ɗalibi, to da shigar ɗalibin sai ya tsinci kansa cikin kwantena. Mai kula ne ke zaɓar abin da zai gani da abin da za a ɓoye masa.

Amfanin a fili yake. Ana iya barin ɗalibi ya zama maigida a cikin ɗakinsa: ya girka, ya cire, ya ɓata, ya gano dalilin ɓacin. In abin ya gagara, a rushe ɗakin a tayar da sabo cikin ɗan lokaci, na'urar kuma ba ta ji komai ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, ɗalibin da aka hana gwaji kuwa takarda kawai zai fita da ita. Ga kuma sauƙi: kwantena ba ta cin ƙarfin na'ura kamar yadda VirtualBox ke ci, domin ba sabuwar kwamfuta ake kwaikwaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga makarantar da tsofaffin na'urori take lallaɓawa.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake su zai yi da-na-sani.

Na farko, kwantena ɗaki ne a gidan haya, ba gida mai zaman kansa ba. Duk ɗakunan a kan zuciyar Linux guda suke zaune. In aka sami ɓaraka a wannan zuciyar, mai wayo na iya haura katanga. Saboda haka sabunta tsarin wajibi ne.

Na biyu, ba kowace kwantena ce katanga ba. Toolbx da Distrobox, waɗanda masu amfani da Fedora Silverblue suka saba da su, an yi su ne don sauƙaƙa aiki, ba don tsaro ba. Suna buɗe wa na ciki ainihin ma'ajiyar fayilolinsa, abin da ya goge a can ya gogu ke nan.

Na uku, kada maigida ya kulle kansa a waje. Idan kwantenar ta ƙi tashi, wanda aka mayar da ita zaurensa ba shi da hanyar shiga. Dole a bar asusun mai kula da zaurensa na asali. Ga mai kwamfutar kansa ma, shawarata ita ce ya bar zauren yadda yake, ya saita tagar rubuta umarni ta riƙa buɗewa cikin kwantena, domin wasu sassan allon aiki sun dogara da zauren asali.

Na huɗu ya shafi halin da muke ciki. Sauko da kwantena daga intanet yana cin data, don haka a sauko da ita sau ɗaya a rarraba wa sauran na'urori ta cikin gida. Aikin ɗalibi kuma a ajiye shi a wajen kwantena, yadda rushe ɗakin ba zai tafi da wahalar zango guda ba.

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu sun iya danna amsa. Abin da ya rage shi ne su san abin da ke bayan allon. Ba sai an sayi sabbin na'urori ko lasisi ba, tunda duk manhajojin da na ambata kyauta ne. Abin da ake buƙata malami ɗaya ne da zai ware kwamfuta biyar a wannan zangon, ya miƙa wa ɗalibansa mabuɗin ɗakunansu, ya riƙe na zaure a aljihunsa.