"Na Karanta" Daban, "Na Sani" Daban

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito a jami'o'i da kwalejojin ilmi, mukan yi baƙi iri ɗaya bayan sujadar Lahadi: uba a gaba, ɗansa a baya ya sunkuyar da kai. Uban ya sayar da masara buhu-buhu, wani har da awakin gidan, domin biyan kuɗin makaranta, ga shi yaron ya faɗi darasi biyu ko uku. Da an tambaye shi sai ya ce, "Baba, Allah ya sani na karanta." Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce malamin ne ya sa masa ido, wata ta ce hannun maƙiya ne.

Mu dai mun yarda yaron ya karanta. Mun san yadda 'ya'yanmu ke kwana a aji har asuba idan jarrabawa ta gabato, ga goro a baki, ga ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi don korar barci. Abin da muke shakka shi ne ko yaron ya san bambancin "na karanta" da "na sani".

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna binciken wannan al'amari. A shekarar 1979 Farfesa John Flavell na Jami'ar Stanford a Amurka ya ja hankalin masana a kan wani irin sani na dabam, watau mutum ya iya auna kansa, ya san abin da ya shiga kansa da abin da bai shiga ba tukuna. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan ma'auni namu yakan yi mana ƙarya.

Alal misali, a shekarar 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis suka ba ɗalibai wani ɗan gajeren rubutu. Wani rukuni aka ba su zama huɗu na minti biyar-biyar, suna ta maimaita karatun, har suka bi ta kansa wajen sau 14. Wani rukunin kuwa zama ɗaya tak aka ba su, sa'annan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta duk abin da suka iya tunawa har sau uku, ba tare da an yi musu gyara ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Amma bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 daga cikin 100, waɗanda aka karɓe wa takarda kuwa kashi 61. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, tun farko da aka tambaye su, masu maimaitawar ne suka fi kowa tabbacin cewa za su tuna.

To, ina dalili? Idan ido ya bi layi ɗaya sau goma, sai ya saba da shi, zuciya kuwa ta ɗauki sabo a matsayin sani. Kamar mutumin da kake gani kowace ranar kasuwa ne, kuna gaisawa har da tambayar iyali, amma ranar da aka ce ka faɗi sunansa sai ka tsaya kana sosa ƙeya. Ita jarrabawa kuwa suna take tambaya.

A shekarar 2013 John Dunlosky na Jami'ar Kent State da abokan aikinsa huɗu suka tattara binciken da aka yi a kan hanyoyin karatu goma. Biyu ne kawai suka sami babban matsayi: ɗalibi ya riƙa yi wa kansa tambaya littafi a rufe, da kuma rarraba karatu a kan kwanaki maimakon a dunƙule shi dare ɗaya. Maimaita karatu da ja wa jimloli layi da alƙalami mai launi suna cikin na ƙasa. Su ne kuwa 'ya'yanmu suka fi dogara a kai.

Malamai ma ba su tsira ba. A wani gwaji da aka buga a 2019, an koyar da ɗaliban kimiyyar fiziks na Jami'ar Harvard ta hanya biyu. Ranar da ƙwararren malami ya zuba musu lacca mai daɗin ji, sun ce sun ƙaru sosai. Ranar da aka sa su fama da tambayoyi da kansu, sun ji kamar ba su ƙaru ba, amma a ranar ce suka fi cin maki. Mu da muke tsayawa gaban jama'a kowane mako, wannan ya isa ya sa mu rage murna idan aka ce mana "koyarwa ta yi daɗi".

Wani zai ce ai waɗannan 'yan Amurka ne, kuma rubutun gajere ne. Gaskiya ne, kuma ba mu ce wannan ne kaɗai ke kayar da ɗalibi ba. Akwai yunwa, da yajin aiki, da cunkoson aji. Amma mun ga abin da idonmu a ajin baftisma. Tsohuwar hanyar tambaya da amsa, littafi a rufe, tana kama kai ƙwarai, shi ya sa tsofaffinmu ke kawo amsoshin da suka koya tun suna yara. Inda take kasawa shi ne idan tambayar ba ta taɓa sake kama ba. Sau nawa yaro ya kawo mana amsa tiryan-tiryan, da muka juya tambayar kaɗan sai ya yi tsit?

Saboda haka muna roƙon malaman manyan makarantu su ware minti goma a farkon darasi, su yi tambayoyi uku ko huɗu a kan na makon jiya, ko da ba za a rubuta maki ba. Idan aji ya yi yawa, ɗalibai su yi musayar takardu su duba wa juna.

Ku kuma iyaye, a daina tambayar "ka karanta?", domin amsarta kullum "i" ce. Idan yaro ya zo hutu, a ce masa, "Rufe littafin, ka faɗa mini da Hausa abin da aka koya maka." Ba sai uwa ta yi boko ba kafin ta yi wannan tambaya. Tana tankaɗe gari tana sauraro, kuma inda ya fara in-ina, shi da ita duka za su ji.